Sarauniyar Lugu Tsakanin Tarihi da Ƙagaggen Labari

Duk wanda ya bi ta lakwal a Nijar cikin shekaru arba'in da suka wuce ya san Sarauniya, kuma in an tambaye shi zai siffanta ta ba tare da inda-inda ba: budurwa ce doguwa, ɗauke da baka da kwari, ta tsaya gaban mayaƙanta ta ce wa nasara a'a. Zai ƙara da cewa uwarta ta rasu wajen haihuwarta, aka shayar da ita nonon goɗiya, wani tsoho mai suna Dawa ya raine ta ya koya mata sirrin daji, kuma damisa ce alamarta. Abin da wannan takarda take son ta bincika shi ne inda wannan sani ya fito. Amsar ba ɓoyayya ba ce. Ya fito daga littafin Abdoulaye Mamani mai suna Sarraounia, wanda aka buga a Pari cikin 1980, da kuma fim ɗin da Med Hondo ya ɗauko daga littafin cikin 1986. Littafin kuwa ƙagaggen labari ne, abin da Faransawa ke kira roman, kuma da wannan suna aka buga shi. Marubucin bai yaudari kowa ba. Amma duk da haka abin da ya ƙaga ya koma tarihi a bakin jama'a, ya kamata mu ga ta wace hanya.

Mu fara da abin da takardu suka riƙe, tun da ba shi da yawa. Cikin Janairu 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi, ƙarƙashin kapitan Vule da kapitan Shanwan (Voulet da Chanoine a rubutun Faransanci). Turawa ƴan kaɗan ne cikinta, sauran duk sojan baƙar fata ne da ƴan dako da matan da aka kama a hanya. Tun daga Sansane Hausa rundunar ta fara ƙone garuruwa da kashe mutane. Ranar 16 ga Afrilu ta auka wa Lugu, a ƙasar Arewa, arewa maso gabas da Dogon Dutsi. Mutanen Lugu suka ja cikin kurmi suka yi ta harbi da kibiya. Aka kashe wa rundunar mutum 4, aka raunata 6, aka ƙone garin, rundunar ta yi gaba. Cikin watan Mayu ta shiga Birnin Ƙonni ta yi kisan da ya fi kowane muni a tafiyar. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori kusa da Tasawa, Vule ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta turo don ya karɓi jagorancin rundunar. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe Shanwan da Vule a wajejen Maijirgi, sauran hafsoshin suka ci Damagaram a ƙarshen watan. Cikin wannan doguwar ta'asa, rabon Sarauniya a rubuce ƴan layuka ne. Mafi shahara su ne na Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin, a littafinsa na 1930 mai suna Le drame de Dankori, inda ya kira ta tsohuwar mayya da ta aiko musu da saƙon cin mutunci.

To, tsohuwa ta zama budurwa, ƴan layuka suka zama littafi guda. Wannan ba laifi ba ne ga mai ƙaga labari, sana'arsa ke nan. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, sauyin ya fara tun daga sunan.

A Hausa sarauniya ba suna ba ne, sarauta ce. Kalma ce ƴar gida ɗaya da sarki da sarauta, kuma kamar kowace sarauta tana neman a jingina ta ga wani wuri ko wani mutum: sarauniyar Lugu, ko Sarauniya Mangu, wadda ita ce ke bisa gado cikin 1899. Akwai waɗanda suka riga ta, akwai waɗanda suka biyo ta. Faransanci ya ɗauki kalmar ya tuɓe mata abin jingina, ya sa mata babban baƙi, ta zama sunan yanka na mace ɗaya tak. Jerin matan da suka riƙe wannan gado ɗaya bayan ɗaya duk suka shige cikin inuwar mutum guda. Har rubutun kalmar yana tona asirin hanyar da ta biyo. A allunan makarantu da shaguna mai karatu zai ga Sarraounia da r biyu. Babu Bahaushen da ke ninka r a wannan kalma, ko a Arewa, ko a Adar, ko a Damagaram. Wanda ya rubuta r biyu bai ji kalmar daga bakin kakarsa ba, a bangon littafi ya gan ta.

Bayan haka sai fassara. An ba kalmar ma'anar reine, ita kuwa reine tana jawo fada da gadon mulki da dakaru da haraji, don haka take a tarihin Faransa. Hausa ba ta tara sarautun mata cikin kalma ɗaya ba. Akwai Magajiya, akwai Iya a Maradi, akwai Inna a Gobir, kowace da aikinta, kuma yawancinsu sun fi kusa da sha'anin bori da na mata bisa ga sha'anin yaƙi. Sarauniyar Lugu tata sarautar ta ƙasa ce da tsafi. Masu binciken al'adun Arewa, tun daga Marc-Henri Piault da littafinsa Histoire mawri na 1970, sun nuna yadda iko ya rabu biyu a wannan ƙasa: sarautar doki da takobi tana hannun Sarkin Arewa, sha'anin ƙasa da ruwan sama da iskoki yana hannun Gubawa ƴan ƙasa, wato Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Sarauniya mai zaman ɗaki ce, farin tufafi take sawa, kaɗi ne aikin hannunta. Ba a naɗa ta da zaɓen fadawa; gawar wadda ta rasu ake ɗauka a ka, inda ta tsaya nan magajiya take, abin da ake kira tarkama. Kusa da garin akwai dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara ya raba gardama. Wanda ya san wannan zai gane cewa ƙarfin Mangu a idon mutanenta ba a damtse yake ba. Mamani ya ɗauki mace mai mazari ya miƙa mata baka.

Haka kuma kalmar tsafin. Joalland ya ce sorcière don ya wulaƙanta ta, Mamani ya ce magicienne a ƙaramin sunan littafinsa don ya ɗaukaka ta, kuma na ɗauka da gangan ya sa kalmar drame a wurin, raddi ga sunan littafin Joalland. Amma gardamar tasu duk cikin Faransanci aka yi ta. In an dawo da ita Hausa sai a rasa inda za a ajiye ta, domin mayya mai cin kurwa ce, bokanya mai ba da magani ce, ƴar bori dokin iskoki ce, matsafiya kuma kalmar malamai ce mai ɗauke da hukunci. Babu ɗaya da ta dace da mai gadon Lugu. Mutanenta sarauniya suke ce mata, ya ishe su.

Me ya sa Mamani ya yi haka? Rayuwarsa ta ba da amsa. An haife shi cikin 1932, ya shiga jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Aka kayar da Sawaba, aka haramta ta cikin 1959, shi kuwa ya yi shekaru yana gudun hijira, mafi yawa a Aljeriya. Ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, bai daɗe ba aka ɗaure shi. A ganina a'ar da aka danne cikin 1958 ita ce ya mayar baya ya sa a bakin wata mace cikin 1899. Zaɓen kuma na mai hankali ne. Da ya ɗauki wani sarkin Damagaram ko na Gobir ko Zarmakoy, da an ce ya yi wa wani gida kirari, sauran gidaje su juya baya. Sarauniya ba ta da fada mai ƴan gado da ke neman kujera a Yamai. Kowa na iya cewa tasa ce, don ba ta kowa ba ce cikin manya. Sai dai a tuna, ƙasar da aka mai da ita gwarzuwarta ba ta wanzu ba a lokacin. Bisa yarjejeniyar Faransa da Ingila ta Yuni 1898, an zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato aka bar wa Ingila, kuma Ƙonni da babban ɓangaren wannan yanki cikin da'irar suka faɗa, sai gyaran iyaka na 1904 da 1906 ya kawo su hannun Faransa. Mangu gidanta da gadon kakanninta ta tsare.

Ba ni cikin masu raina littafin. Gajeren littafi ne mai gudu, babi-babinsa suna tsalle daga sansanin Vule zuwa fadojin sarakuna zuwa Lugu, mai karatu yana jin rundunar tana matsowa kamar gobarar daji. Inda ya fi ƙarfi ma ba wajen Sarauniya ba ne, wajen sojan baƙar fata ne, yadda tsoro ke cin su sannu-sannu har su daina gaskata bindigarsu. A nan Mamani ya ga abin da hafsoshin ba su rubuta ba, don ba su ɗauki sojansu a bakin mutane masu tunani ba. Kuma dole a faɗa, ba don wannan littafi ba da ta'asar 1899 ta zauna cikin kundin Aix-en-Provence da littattafan ƴan tarihi da mutum ɗari ke karantawa.

Amma kyawun littafin shi ne ya sa nauyinsa ya yi yawa. Tsarin labarin yana jan mai karatu ya ɗauka cewa abin da ya faru a Lugu shi ya karya rundunar, har ya kai Vule ga hauka da mutuwa. Kwanakin da na jera a sama ba su yarda da haka ba. Wata uku ne tsakanin Lugu da Ɗankori, kuma cikin wata ukun nan rundunar ba ta raunana ba, Ƙonni ta shaida. Abin da ya jawo Klobb wasiƙa ce da laftanan Péteau ya aika wa budurwarsa, ta kai ga hukuma a Pari. Abin da ya kashe hafsoshin biyu tawayen sojansu ne, bayan Vule ya bayyana musu cewa ya bar Faransa zai kafa daular kansa. Ƙagaggen labari yana son sanadi ɗaya da fuska ɗaya, abin da ya auku kuwa sanadinsa da yawa ne, wasu ma ba su da daɗin ji.

Kuma duk inda aka yi gwarzo sai an yi matsoraci da zai haska shi. A littafin, Sarkin Arewa na Matankari shi ne wanda ya miƙa wuya, Sakkwato kuma ita ce maƙiyiya mai son a murƙushe Azna ko da hannun nasara ne. Waɗannan ba ƙagaggun mutane ba ne kamar Dawa. Sarakuna ne da suka rayu, jikokinsu na nan suna zama aji ɗaya da sauran yara ana karanta musu hukuncin kakansu. Sarkin da ya ji labarin garuruwan da aka ƙone a yamma da shi, ya auna ganuwarsa da igwar da ke tafe, ya zaɓi ya ba da hatsi da ƴan jagora, yana iya zama mai laifi, yana iya zama wanda ya ceci garinsa. Shari'a ce da take bukatar shaidu daga kowane ɓangare. Littafin ya yanke ta cikin babi ɗaya, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan roman. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san irin wannan tun muna yara: Richelieu ɗin da ke kanmu na Alexandre Dumas ne, na littafin 1844, mai makirci da leƙen asiri, kuma duk darasin tarihin da aka yi mana daga baya bai goge shi ba.

Fim ɗin ya ƙara wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Ba a Nijar aka ɗauke shi ba, a Burkina Faso ne zamanin Thomas Sankara, kuma ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Wagadugu cikin 1987. Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, ta ba ta fuskar da kowa ke gani yanzu in ya rufe ido. Amma harsunan fim ɗin Julanci ne da Fulatanci da Faransanci. Wato Bahaushiyar da ta fi kowace shahara a tarihin Nijar an rubuta ta da Faransanci, an ji muryarta da Julanci, Hausa kuwa sai daga baya ta karɓe ta, a fassara.

A nan ne nake son in tsaya kaɗan, don a nan aikinmu yake. Hausa tana da shinge tsakanin nau'o'in magana. Tatsuniya tana buɗewa da gatanan gatananku, tana rufewa da ƙungurus kan kusu, mai ji ya san an shiga ƙarya an fito. Labarin da aka gada kuwa yana tafe da dogarinsa, ƴar kalmar nan wai, ko an ce, ko haka muka ji ga magabata. Da wai mai magana yake cewa ban gani ba, kada ka ɗora mini. Ƙagaggen labari irin na Turai ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Ba ya buɗewa da gatanan, ba ya kuma cewa wai. Mai ba da labarin ya san abin da ke cikin zuciyar Vule da dare, ya san abin da Sarauniya ta faɗa wa mayaƙanta, yana zuba su da lokacin nan na Faransanci da ake kira passé simple, wanda shi ne kuma lokacin littafin tarihi. Idan mushen lakwal ya juya wannan zuwa Hausa don yara su gane, shuɗaɗɗen lokaci na biyu yake ɗauka: ta tashi, ta tara mutanenta, suka yi rantsuwa. Babu wai a asalin, ba zai ƙirƙiro ta ba. Ga kunnen Bahaushe kuwa, magana a kan mutanen da, wadda ba gatanan a gabanta ba wai a cikinta, maganar wanda ya tabbata ce. Ga kuma darajar takarda a bisa, tun da mun gaji cewa abin da ke rubuce ya fi abin da ke baki.

Na ga wannan da idona lokacin da nake ɗaukar karin harshen Arewa a wani ƙauye da ke gabas da Dogon Dutsi. Ba tarihi na je nema ba, lamirin suna da tsarin aikatau nake bi, sai na roƙi wani dattijo ya ba ni labarin zuwan nasara don in sami doguwar magana. Ya ba ni a taƙaice, kusan kowace jimla da wai a bakinta: wai sunka zo da bindigogi, wai mutane sunka shiga kurmi, anka ƙone gari, daga baya anka komo. Da na tambaye shi ko Sarauniya ta yi harbi, sai ya dube ni kamar na tambayi ko liman ya yi dambe. Jikansa, wanda ya yi kolej, yana gefe yana ta motsi. Da tsohon ya gama sai yaron ya ce baba ya manta da yawa, ya kawo nonon goɗiya, ya kawo Dawa, ya kawo damisa, tiryan-tiryan, ba wai ko ɗaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohon bai musa ba. Ya ce su da sunka yi karatu sun fi mu sani.

Ke nan rubutaccen adabi ya koma ya shiga adabin baka ta ƙofar baya, har mai bincike na iya ɗaukar maganar Mamani a faifai ya rubuta a kanta cewa ruwayar mutanen Arewa ce. Elara Bertho ta bi sawun wannan tafiya daga kundin mulkin mallaka zuwa littafin, zuwa fim da waƙoƙi da littattafan lakwal, Antoinette Tidjani Alou kuma ta yi nazarin yadda aka manta da ikon mata na gaske a yayin da ake ɗaukaka hotonsa. Ina ƙara cewa ana iya gane sawun a nahawu tun kafin a duba abin da aka faɗa.

Mu kwatanta da waɗanda ba su sami marubuci irin wannan ba. Alfa Saibu, makahon malamin da ya ta da Kobkitanda cikin 1905 da 1906 ya ƙarasa a Satiru, da wuya yaro ya faɗi jimla biyu a kansa. Kawsan, wanda ya tsare Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917, takardun da ke magana a kansa sun ninka na Mangu nesa ba kusa ba, André Salifou ma ya yi masa littafin tarihi cikin 1973, amma ba wanda ya san abin da ya sha yana jariri, saboda haka ba wanda ke jin ya san shi. Mutanen Ƙonni da aka cika rijiyoyi da ramuka da gawarwakinsu ba su da ko suna. A ƙetaren iyaka abin da ya sami Amina ta Zazzau bai bambanta ba: ƴan layuka a Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, sannan wasannin kwaikwayo da zane-zane da fim suka cika sauran.

Mamani ya rasu cikin 1993 a hatsarin mota, bai ga iyakar abin da ya shuka ba. Akwai gidan rediyo da talabijin mai wannan suna a Yamai, kuma bayan juyin mulkin 2023 hukumomin soja sun ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu. Mace mai baka da kwari ce ake nufi a duk waɗannan. Ita kuwa mai farin zane da mazari, addininta shi ne wanda ake jin kunyar ambatawa, har kalmar Azna ko arna ta zama zagi a bakin yaran da ke rera sunanta a filin lakwal. An karɓi a'arta ga nasara, an bar a'arta ga masu jihadi a cikin littafi, alhali Mamani ya rubuta su duka biyu.

Ga masu fita ɗaukar magana a Arewa, abin da ya kamata a ƙara cikin takardar bayanin mai magana shi ne ko ya yi lakwal, har zuwa wane aji, da ko ya ga fim ɗin. Wajen juyar da faifai zuwa rubutu kuma kada a share wai don a gyara salo, kamar yadda na tarar an yi a wasu tsofaffin rubuce-rubucen da aka fassara zuwa Faransanci, inda mai fassara ya ga maimaici ne ya zubar. A bar kowace a inda mai magana ya sa ta, a kuma nuna ta a fassarar.